Ruwan batir a gindin rumbun Inna

Ƙanena Bashir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya Maryam da yara? Mu nan Anka alhamdulillahi.

Ka tuna ka gaya wa Inna cewa bincikenku na neman ruwan batir ne mai ƙarancin guba, wanda ba zai cinye siraran farantan cikin batir da kuke gwadawa ba? Ta ɗauka duk batir ya zama haka. Gara ta kama rumbunta, sai ta karɓo ruwan tsohon batirin sola wajen mai cajin waya, ta zuba kewaye da gindinsa.

Jiya na tarar da 'yata Nana ta rarrafa wurin, bakinta duk ƙasa. Ruwan nan da dalma a cikinsa, ka kuwa san yadda gubar dalma ta kashe mana yara a ƙauyen Abare. An ɗebi jinin Nana a asibiti, muna jiran sakamako. Na kankare ƙasar, amma sauran ruwan yana ɗakin Inna. Da na ce ta ba ni shi, sai ta ce, "Ke kin hi Bashir sani?"

Don Allah ka kira ta yau, maganarka kaɗai take ji. Ku sa Nana a addu'a. Ka gaida Maryam.

Yayarka,
Hadiza