Kiɗan da Ba Sunan Kowa

Daren Asabar, Sabo, tsakiyar damina

Har yanzu kunnena bai daina amsa kuwwa ba. Wani direba mai suna Lasisi ne ya ja ni unguwar Mokola kallon wasu Turawa makaɗa da ya ɗauko daga Legas. Gashi har gadon baya, suna kaɗa kai kamar masu bori, jita na kuka kamar ana wasa wuƙa. Na zauna ina jiran su yi wa wani attajiri kirari. Har suka yi nisa ba su ambaci kowa ba.

Tausayinsu ya kama ni, na tashi na liƙa wa mai jitar naira ɗaya a goshi. Ya yi dariya, ya mayar mini aljihu, ya ci gaba da kiɗinsa ido a rufe.

Shekara ashirin ina yi wa mahautan kasuwar Bodija kalangu, ban taɓa rufe ido ba. Kullum hannun mutane nake kallo.

Ɗazu na rataya kalanguna a tsakar gida ina taɓawa a hankali. Hadiza ta leƙo daga ɗaki.

"Maigida, wa kake wa kiɗa da daren nan?"

Na lalubi suna na rasa. Na ce mata, "Ni."