A-kori-kurata, tirela da babur ɗin Mansur

Malam mai shawara, ka raba ni da wannan damuwa, barci ya ƙi mini. Ni ba mai neman taimako ba ne. Da dakon kaya na fara a kasuwar Tokpa-Hoho, ba uba ba kawu, karatuna kuma a ƙaramar sakandare ya tsaya. Yau ina da shaguna biyu a Zongo, na yi gini a unguwar Houéyiho, na kai mahaifiyata Makka, ga a-kori-kura da na saya da gumina.

To ita motar ce ta haɗa ni da babban ɗana Mansur. Zai koma Parakou da aiki, na ce ni zan kai shi: babur ɗinsa a bayan mota, shinkafar da zan sayar can a ƙaramar tirela, matarsa Khairiyya da jikokina a cikin mota. Wai yaron da na yi wa kaciya ya ce iyalinsa ba za su hau ba, kaya sun yi yawa! Motar da takardarta ta ce tana jan tan uku? Tirelar ko biyu ba ta kai ba. Tun ranar ko gaisuwarsa ba na amsawa.

Amma tsakanina da kai, na gwada ta da wannan lodin a hanyar Sèmè-Kpodji. Bayanta ya durƙusa, hancinta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannuna. Ban faɗa wa kowa ba. In na sauke kaya, yaro ya kayar da ni; in na tafi haka, gabana faɗuwa yake.

Kada ka sa mini "wani bawan Allah". Ka rubuta sunana cikakke: Alhaji Kamarou Garba, Zongo.

AMSA

Alhaji, sunanka ga shi nan, guminka kuma ba mai musunsa. Tan ukun ma gaskiya ne, sai dai abin da mota ke ja daban, abin da take ɗauka daban. Kan tirela na danne ƙugiyar baya da kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, kuma motar ke ɗauke da wannan. Ka haɗa shi da babur, da kai, da kowane fasinja da jakarsa. Duba kart giriz, wato takardar motar: ka cire nauyin motar ba kaya daga iyakar nauyin da aka yarje mata, abin da ya rage shi ne ɗaukarta. Sitiyari ya yi sakwa-sakwa ne don tayoyin gaba sun rage kama ƙasa. Ranar da ka taka birki da gaggawa, tirelar ce za ta tuƙa ka.

Mansur ya kamata ya tausasa harshe, amma jikokinka yake karewa. Ka aika babur a wata motar kaya, ka rage shinkafa, ka auna motar a sikeli. Sannan ka kira shi ku yi lodin tare. Uban da ya haifi ɗa mai iya ce masa a'a saboda rai bai faɗi ba.

Allah ya kai ku Parakou lafiya, ya sa albarka a sabon aikin.