Akwati Biyar na Kawu Badaru

Jikwoyi, Litinin

'Yata Ikilima,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Kullum na kira wayarki kina mitin, shi ya sa na ba Thaddeus, abokin aikina, wannan takarda ya kawo miki ofis.

Kin san likita ya hana ni doguwar tafiya saboda ciwon bayan nan. Kamfaninmu na dakon kaya ya ce ko in samu kujerar shugaban direbobi, ko in ajiye makulli ƙarshen wata. Na nema. Sai aka zaunar da mu gaban kwamfuta, wai za ta auna halinmu. Halina fa, wanda uwarki da muka tashi ɗaki ɗaya har yau ba ta gama aunawa ba.

Kowace magana da akwati biyar, daga "ƙwarai haka nake" zuwa "sam ba haka nake ba". Wai, "Na fi abokan aikina ƙwarewa." Ni da bakina? Yabon kai jahilci, na danna sam. Wai, "Na tabbata zan cim ma burina." Na duba sama da ƙasa babu akwatin in Allah ya yarda, na danna na tsakiya. Wai idan oga ya yi kuskure nakan gyara masa nan take a gaban jama'a. Wane ɗan halak ke yin haka? Bin sa ofis ake yi, a rufe ƙofa.

Madam Fortune mai kula da ma'aikata ta ce sakamakon ya nuna ban yarda da kaina ba, ban dace da shugabanci ba. Ni da direbobi ke yi wa sallama har gida in raba musu faɗa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ta dai tausaya ta ce in sake ranar Alhamis. Irin aikin da kike yi ke nan a ma'aikatarku, ki gaya mini abin da injin nan yake so.

Kawunki,
Badaru

Dutse Alhaji, Talata

Kawu,

Ina gaisuwa da fatan jiki da sauƙi. Na karanta takardarka, dariya ta kama ni, sannan takaici ya biyo baya.

Ba halinka ne da matsala ba. A ƙasar waje aka tsara wannan gwajin, a kan mutanen da tun suna yara ake koya musu su miƙe su ce "ni ne". A wajensu mai sunkuyar da kai matsoraci ne, a wajenmu mai tarbiyya. Mudun wata kasuwa aka kawo ana awo da shi a tamu. Na faɗa a mitin har na gaji, ana ce mini an riga an biya kuɗin manhaja.

Amma Alhamis ba za ta jira mu gyara duniya ba. Don Allah Kawu, ka bar kunyar nan a gida yini ɗaya. Duk inda maganar yabo ce, danna ƙwarai. Duk inda ta kushe ce, danna sam. In Allah ya yarda ɗin ka faɗe ta a zuci. Ai ba ƙarya za ka yi ba, kowa ya san ka fi su.

A gaida uwargidanka, Inna Rekiya.

'Yarka,
Ikilima

Jikwoyi, Juma'a

Ikilima,

Gaisuwa. Na bi maganarki ban kauce ba. Na fi kowa, ƙwarai. Ina son a riƙa kallona, ƙwarai. Har aka zo kan "Ban taɓa yin fushi da kowa ba" da "Ban taɓa makara ba". Yatsana ya tsaya, don ko ranar da safe sai da na zagi wani ɗan acaɓa a Nyanya. Na tuna kin ce duk inda yabo yake, na runtse ido na danna.

Yau Madam Fortune ta kira ni. Injin ya sa mini jan layi. Wai amsoshina sun yi kyau fiye da kima, mai su ba abin amincewa ba ne. Ko kallona ba ta iya yi ba tana karantawa, kuma ƙofa a buɗe take, yaran gareji suna ji.

Na faɗi gaskiya an ce ni rago ne, na bi masu ilimi an ce ni maƙaryaci ne. To ina za a dafa?

Badaru

Dutse Alhaji, Litinin

Kawu,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Waɗannan tambayoyin tarko ne na kama masu ƙawata kansu. Namu gwajin ba shi da su, ban kawo su a raina ba.

Na je wajen Madam Fortune da kaina. Na ce mata ni na tsara maka amsoshin. Ta ce ta yarda, ta kuma san direbobi kai suke so, amma hedkwata maki kawai take karɓa, kuma ba a yi sau uku. Na roƙa a goge jan layin daga fayil ɗinka, ta ce ba ta da ikon taɓa shi. An ba wani yaro mai suna Marvel kujerar.

Kawu, ka yi fushi da ni? Ka faɗa mini ko me ne ne.

'Yarka,
Ikilima

Jikwoyi, ƙarshen wata

'Yata,

Muna lafiya. Na miƙa makulli jiya, Thaddeus ya kawo ni gida.

Kin tambaya ko na yi fushi. Da da akwati biyar, na tsakiya zan danna.

Kujerar ba rabona ba ce, na haƙura. Faɗuwar farko ma ba ta dame ni ba yanzu, don ni ne na faɗi, da halina. Ta biyun ce ke ci mini rai. Tun ina yaron mota ake ba ni amanar kayan mutane, ba a taɓa neman ko kwali an rasa ba, ga shi na bar aiki takarda tana cewa kada a amince da ni.

Ki zo da yara ranar Asabar. Kada ki taho da shawara.

Kawunki,
Badaru