Rezar da Na Sayo wa Matata

Assalamu alaikum Hajiya Batulu. Don Allah ki taimake ni, aurena ke shirin mutuwa ina kallo.

Ni manomi ne a Gwaram, karatuna bai yi nisa ba. Matata, bari in kira ta Lailatu, tun aurenmu ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ni kuma ban taɓa yi mata gori ba. Amma na daɗe ina lura. Al'adarta sai ta yi watanni ba ta zo ba, kitsonta yana ta sirancewa a tsakar kai, ga baƙin gashi mai kauri yana fito mata a haɓa. Ta daina zuwa gidan kitso, ko a tsakar gida hijabi ne har leɓe. Da farce take tsige gashin haɓar, wurin duk ya yi ƙuraje. Na yi kamar ban gani ba.

Ran kasuwa tausayi ya kama ni, na sayo mata reza irin tawa, na ajiye kusa da madubinta ban ce komai ba. Hajiya, ashe duk zatonta ban sani ba. Ta yini tana kuka, washegari ta tafi gidansu a Wurno. Yanzu ta aiko yayanta wai in ba ta takardarta, in nemi mace ta gaske. Wallahi ita nake so. Yaya zan yi?

Ɗanki daga Gwaram

Wa alaikumus salam, ɗana. Niyyarka kyakkyawa ce, amma duba ɓangarenta: abin da ta sha wahalar ɓoyewa ka tona, ba da baki ba, da kayan askin maza. Shirunka ya fi rezar yi mata ciwo.

Alamomin nan sau da yawa tushensu ɗaya. Idan sinadaran jikin mace suka hargitse, saiwar gashin haɓa takan yi ƙarfi, ta gashin kai ta yi rauni, 'yan jakunkunan da ƙwan haihuwa ke nuna a cikinsu kuma su ƙi sakin ƙwai. Likitan mata ne zai tabbatar, da hoton ciki da gwajin jini. Akwai magani, kuma da yawa sun haihu bayansa, da ikon Allah.

Kada ka rubuta komai, kada ka aika kowa biko. Je Wurno da ƙafarka, ka nemi izinin mahaifinta ku keɓe. Faɗa mata tun yaushe ka gani, kuma ba ta taɓa fita ranka ba. In ta ce a ba ta lokaci, ba ta. In ta sauko, ku je asibiti a Birnin Kudu, ka fara miƙa kanka a gwada ka, don ta san ba ita kaɗai ake tuhuma ba.

Allah ya ba ta lafiya, ya dawo maka da ita ɗakinta.

Hajiya Batulu