Huji Huɗu a Bamba

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta cire lambar motata. Har da ƙarfen da ke riƙe ta. Ina ɗaki ta zo da sukudireba kamar ɓarauniya. Wai, "Baba, idonka ba ya gani, ba za ka sake hawa titi ba." Don kawai na goge katangar maƙwabci. Birki ne, na faɗa na maimaita. Yanzu huji huɗu ne a bamba, mota ta zama kamar tsohuwa mai giɓi. 'Yar da na yi ta kaiwa makaranta a wannan motar.

Laraba, 5 ga Maris
Ta kawo abinci. Ban tanka mata ba.

Asabar, 8 ga Maris
Ni ban shiga aji ba. A jikin lambobin mota na koyi baƙaƙe, ina yaron mota, ina bin su da yatsa. Yau ga shi mai takarda ta raba ni da tawa. Da uwarta na raye da ba a yi haka ba. Ko kuwa da ita za a haɗa baki, Allah ya jiƙanta, ita ma ta sha cewa in rage tuƙi.

Talata, 11 ga Maris
An yi ruwa. Na shafa hujin, tsatsa ta fara ci. Dogo mai gyaran jikin mota ya leƙo, tare muka tsufa da shi. Ya ce, "Direban cikin gida! Ka toshe su mana, ko sai ta ruɓe?" Na ce in na toshe, ina za a mayar da lamba? Ya ce, "Wa ya ce za a mayar?" Na ce ya fita mini daga gida. Ya fita, amma ya ajiye bodi fila ta cike huji da samfefa ta gogewa a kan bonet. Ɗan banza.

Jumma'a, 14 ga Maris
Na toshe. Na wucin gadi ne, saboda tsatsa. Na manna ƙyalle ta baya, na cika, na bari ya bushe, na goge har yatsa ba ya jin gaɓa. Hannuna bai manta aiki ba. Na ɗauko gwangwanin ragowar fentin motar daga kan kanta na shafa. Auta ta fito shanya ta tsaya a bayana, ta daɗe. Na ce, "To, makaho ne ya yi wannan?" Maganata ta farko da ita ke nan. Ta ce, "Ya yi kyau, Baba." Muryarta wani iri. Ta koma ciki, ta bar kayan a bokiti.

Lahadi, 16 ga Maris
Dogo ya dawo. Ya duƙa gaban bamba, bai yi tsiyar da ya saba ba. Ya ce, "Abokina, motarka shuɗiya ce." Na ce ni zai gaya wa? Ya ce, "Wannan kore ne. Fentin ƙofar gida ka shafa."
Na kai gwangwanin rana. Na juya shi, na kawo shi dab da hanci. Ni dai shuɗi nake gani.
Ranar katangar nan, akwai yara suna wasa a wajen. Hayaniyarsu na ji.

Talata, 18 ga Maris
Ban fita ba. Rubutun nan ma sai girma yake yi, shafi ba ya isata.

Alhamis, 20 ga Maris
Na ce Auta ta zaɓo gwangwanin, tunda ita ce mai ido. Ita ta shafa, ni ina riƙe da wuyan hannunta, don ba ta iya jan buroshi ba, dangwalawa take yi. Muna cikin yi ta ce, "Baba, lambar tana ƙarƙashin gadona. In kawo maka?" Na ce fenti bai bushe ba, kuma wa zai sake huda aiki mai kyau haka. Na ji ɗigon ruwa a bayan hannuna.
Gobe za ta kai ni asibitin ido a motar haya. Na ce sai dai in zauna gaba. Direbobin yanzu ba su san hanya ba.