Ɗakin Bakin Rariya

Zuwa ga ɗana Yusufu a Yamai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da aikin buro, wato ofis ɗin nan naku. Mu nan Damagaram sai godiya. Gero ya yi a Tirmini, ɗiyata Ladi ta sauka lafiya, an sami mace.

To, bayan haka, ka gyara zama. Ka san Mutari ɗan baffanka ya rushe gidan kakanku na Birni ya sake gini, tun da ɓarayi suka kwashe masa fatu bara. Kafin a ɗora tubali ɗaya sai da ya zagaya filin da Sha'ibu magini, yana tambayarsa in shi ne ɓarawo ta ina zai shiga. Duk inda Sha'ibu ya nuna, a toshe. Katanga ta kai tsayin mutum biyu, an dasa mata fasassun kwalabe a ka. Zaure uku, ba ƙofar da ke kallon 'yar'uwarta. An gajarta indararo don kada igiya ta sami abin kamawa. Kurnar da kakanka ya dasa ma an sare ta, wai tsani ce. Ni da na ci tuwo a gidan nan shekara da shekaru, yanzu sai na ɓace kafin in kai tsakar gida.

Wuri guda ya gagara, can baya inda rariya ke fita. Sha'ibu ya ce bangon ƙasa in yana shan ruwa, ɓarawo da ɗan ƙarfensa zai huda shi kamar kabewa, sai dai a ɗaure kare a wurin. Mutari ya ce shi mai alwala ne, kare ba zai kwana gidansa ba. Sai ya sa aka yi ɗan ɗaki a jikin bangon, ya mai da mahaifiyarka Bintu ciki. A gabana ya yi bayani, yana murmushi: wai tsohuwa ba ta barci, ga tari, wanda duk ya zo da ƙarfe zai ji da mutum a farke. Ya ƙara da cewa ita ba ta haushin baƙi da rana.

Na shiga ɗakin, Yusufu. Tabarma har tsatsafo take. Tarin da ka sani na safe yanzu ba ya da lokaci, Mutari kuwa yana yabon aikin. Na ce ta taho wurina, ai ƙanwata ce. Ta ƙi. Ta ce ranar da ta fita, rabonka na gidan, gadon marigayi mahaifinka, ya bi ruwan rariya. Kai take gadi, ɗan buro, ba fatun Mutari ba. Mu mun yi magana, amma bakin kawu ba ya yanka a gidan dangin uba. Kai kaɗai za ka ce mata ta fito, ta fito. Ka zo kafin ruwan farko. In kuwa buro ya fi ƙarfinka, kada ka damu, gidan ba zai rasa mai gadi ba, don jiya Mutari ya tare ni a kasuwa yana tambayata, da ladabi ƙwarai, ko ina samun barci.

Ka gai da matarka da yara. Ladi tana gaishe ka. Bintu ta ce in rubuta maka tana nan lafiya lau. Na rubuta.

Naka,
Kawunka Abba