Hoton da Fasto yake nema

Ƙanwata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya maigidanki da jikoki? Yaya ƙafar taki? Ni kam na gode Allah. Ɗakina a gidan tsofaffin nan yana da tsabta. Ɗana yana leƙowa idan aiki ya bar shi, aikin kuwa bai cika barinsa ba.

Na sami saƙonki cewa Fasto yana neman hotona a rataye a bangon coci, kusa da na dattawan da suka rasu. Ashe ya tuna da ni! Shekara talatin ina koyar da ajin baftisma, shi kansa a gabana ya koyi addu'a, majina har baki. Kullum ina gaya wa 'yan ajin cewa ana gane mai bin Yesu da ziyartar marasa lafiya. Sun haddace tsaf, sun ci jarrabawa. Yau shekarata huɗu a nan, ko ɗayansu bai kira ni ba.

Wata mai shara takan ajiye tsintsiya mu yi addu'a tare. Na tambaye ta wa ya koya mata, ta yi dariya ta ce, "Baba, wannan ma sai an koya?" Ranar ban iya cin abinci ba.

Kada ki ba shi hoton. Ki ba shi lambar wayata, ki ce masa da sauran numfashina. Idan ya yi shiru, kada ki ɓoye min. Gara in san abin da na shuka tun kafin Mai gonar ya tambaye ni.

Allah ya tsare ku.

Yayanki